Amsar maganar lasisin kansul, kafin a je sayen motar nan

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da dare. Na ga tambayar da ƙaninmu ya jefo tun da rana, wai wane kansul (ƙaramar hukumar gari) ne ya fi saurin ba da lasisin tuƙa motar haya a nan Ingila, yana so ya fara Uber, har ya ga wata Prius zai biya gobe. To ƙanina ni abin da na ji a maganarka shi ne kuɗin nan ya fara yi maka ƙaiƙayi a aljihu. Don Allah ka riƙe abinka tukuna, mota ita ce ƙarshe a wannan harka.

Da farko ma wace irin biza ce a hannunka? Ba ka faɗa ba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Tun dokar shige da fice ta 2016 kansul ba ya ba ka baj, wato lasisin direban motar haya, sai ya duba kana da izinin yin wannan aikin, in bizarka saura wata 8 to lasisin ma na wata 8 za su ba ka. In ta ɗalibi ce ka manta kawai, ɗalibi ba a yarda ya yi aikin kansa ba, kuma wannan tuƙin a matsayin mai aikin kansa kake biyan haraji. In ta kiya ce, wato ta aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, ma haka, tasi ba ya cikin ƙarin aikin da aka yarje maka. Wanda ya biyo matarsa ko wadda ta biyo mijinta, su galibi hanya a buɗe take.

Sai lasisin tuƙi. Namu na Najeriya ba a musanya shi, sai ka zauna jarrabawarsu ka ci, kuma ka riƙe nasu lasisin shekara 3... a'a tsaya, shekara 3 na Landan ne, can TfL, hukumar sufurin Landan, ke ba da baj ba kansul ba, kuma sai ka kai shekara 21. A wajen Landan doka wata 12 ta ce, amma wasu kansul suna ƙarawa. Ga DBS babba, wato binciken ko ka taɓa yin laifi, ga gwajin likita irin na direbobin manyan motoci, ga takardar shaidar hali daga 'yan sandan gida tunda ka zauna a waje, ita wannan ka fara nemanta tun yau don ita ke riƙe mutane. Kuma fom ɗin nan kada ka ɓoye komai, ko foyin 3 ne, wato makin laifi da ake sa wa lasisi saboda gudu, ka rubuta. Akwai rajista ɗaya da duk kansul suke dubawa tun 2023, in an hana ka ko an ƙwace maka a gari ɗaya, duk inda ka nufa za su gani.

Yauwa, Wolverhampton, na san ita kake nufi, kowa ita yake nufi. E, ka karɓi lasisi a can ka yi aiki a wani garin halal ne a doka, ba zan ce maka haram ba ne. Lasisi uku ne, na direba, na mota, da na kamfanin da ke turo maka aiki, in duka ukun daga kansul ɗaya suke to ka yi aiki duk inda aka kira ka. Shi ya sa ka tsaya a danja a nan Manchester ka dubi bayan motoci, fulet ɗin Wolverhampton, wato lambar lasisin da kansul ke manna wa mota, ne birjik, mutum bai taɓa kwana a garin ba. Mu kuma da muka bi ta kansul ɗin da muke zaune, muka yi karatun unguwanni da tituna, muka kai mota gwaji aka dawo da mu saboda ɗan tsagewar kujera, muka yi ta jiran takarda haya na tafiya inshora na tafiya ba ka shigar da ko fam ɗaya, sai ka fito ka tarar layi ya cika da waɗanda jami'in kansul ɗin garin ma ba shi da cikakken iko a kansu. Wallahi abin yana min ciwo har yau. Ba direbobin nake zargi ba, kowa abincinsa yake nema, tsarin ne bai yi ba. Kuma fa ka sani ana kan maganar, rahoton Baroness Casey na Yunin 2025 kan masu lalata da yara ya ce a toshe wannan ƙofa, gwamnati ta ce ta karɓa, Andy Burnham, wanda aka zaɓa magajin garin yankin Manchester a 2017, ma ya daɗe yana kuka a kai. To ka je ka zuba kuɗinka can, in aka canja doka... kai, bar wannan, ka dai gane.

Abin da nake so ka riƙe shi ne kai motar bukin za ka tuƙa, kai ba tasin layi ba ne da ake tarewa a hanya. Daren Juma'a kana fake gefen titi, wani zai ƙwanƙwasa maka gilas ya ɗago fam 20 ya ce kai ni gida. Kada ka buɗe. In bai yi bukin ba laifi ne, inshorarka ma ba ta aiki a wannan tafiyar, kuma kansul suna turo mutanensu cikin kayan gida su gwada direbobi da gangan.

Sai kare, wannan mu ya fi shafa. Makaho ya zo da karen da ke masa jagora ka ce ba za ka ɗauka ba, laifi ne a dokar 2010, tara har fam 1,000, baj ɗinka ma na iya tafiya. Addini ba uzuri ba ne a wurinsu, sai dai takardar likita da kansul ya amince da ita tun kafin ranar. Karnukan nan horarru ne, zai shiga ya kwanta a ƙasa wajen ƙafar maigidansa bai ko kalle ka ba, ni tsohon bargo nake ajiyewa a but na shimfiɗa masa. Kuma mu Malikawa ne fa, a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, ka tambayi malamai su ƙara maka bayani. Bawan Allah ba ya gani, yana tsaye cikin ruwan sama, ka wuce shi?

Ita motar, kowane kansul da ƙa'idarsa kan shekarunta da hayaƙinta, wasu har da kyamara a ciki kamar Rotherham. Ka shiga shafin kansul ɗin ka karanta kafin ka biya, ko ma ka fara da ta haya mai fulet. Turo min irin bizarka da shekarar Prius ɗin ta firaibet, sai da safe.