Tambaya da Amsa: Mene ne amfanin gine-ginen da aka bari a tsofaffin wuraren fasa dutse?

Tambaya: Ina zaune a Mpape, Abuja. Kusa da wani tsohon ramin fasa dutse akwai doguwar katangar kankare da ƙarafuna masu tsatsa, an jera su kamar matakala. Me aka yi da su, kuma me ya sa ramin ya cika da ruwa? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, abin da ka gani ragowar mazaunin injin fasa dutse ne. Tun da aka ayyana Abuja a matsayin sabon babban birni a 1976, duwatsun Mpape suna cikin waɗanda aka fasa domin samar da tsakuwar tituna da gadoji da gidajen birnin.

Jerin matakalar nan da gangan aka yi shi, domin dutse abu ne mai nauyi, kuma sauko da shi ya fi ɗaga shi araha. Bayan an tashi nakiya, tifa takan hau saman katangar ta juye manyan duwatsu a cikin wani babban mazurari na ƙarfe, su gangara da kansu zuwa bakin inji na farko. Wannan inji, wanda Eli Whitney Blake ya ƙirƙiro a Amurka a 1858, faranti biyu ne na ƙarfe masu buɗewa a sama da tsukewa a ƙasa, ɗaya a kafe, ɗayan yana matsowa yana komawa kamar muƙamuƙi, har sai dutsen ya ragu ya faɗo ta ƙasan. Manyan ƙafafun ƙarfe biyu masu juyawa kamar taya da ake gani a gefensa suna tara ƙarfin juyi ne, don kada injin ya cije idan ya haɗu da dutse mai tauri. Girgizarsa ce ta sa ake zuba masa harsashi mai kauri, shi ya sa kankaren yake nan daram ko bayan an kwance injin an tafi da shi.

Daga nan bel yakan kai dutsen inji na biyu, sannan rariya mai hawa-hawa ta ware tsakuwar gini da ta kwalta da garin dutse. A ganina, ma'aikatan wajen rariyar nan su ne suka fi shan wahala, domin ƙurar dutse da suke shaƙa tana taruwa a huhu, ta haddasa cutar silikosis wadda ba ta warkewa.

Game da ruwan kuwa, muddin ana aiki injin jan ruwa ne yake kwashe shi. Da aka daina, sai ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa suka taru. Kada kyan wurin ya ruɗi kowa, domin gefen ramin a tsaye aka sare shi, taku kaɗan daga baki zurfi ne sosai, don haka a hana yara yin iyo a ciki, a kuma hana su hawa ƙarafunan.