Tambaya da Amsa: Gilashin Jirgina Ya Ƙi Fitowa Tas

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne nan Sakkwato, unguwar Mabera. Wata huɗu ke nan ina haɗa ɗan ƙaramin jirgin Super Tucano irin na sojojin samanmu, ba haɗaɗɗe na sayo ba, da hannuna nike yi. Gangar jiki da fukafukai wani abokina ya buga min da firinta mai 3D, tayoyi da kujeru kuma da rezin, wato ruwan robar da haske ke daskarar da shi. Matsalata murfin gilashin ga na bisa kan matuƙi, sau biyu munka buga shi da rezin mai haske yana fitowa dishi-dishi, na biyun ma da na shanya shi rana sai ya koma rawaya. Kuma fiffike guda ya lanƙwashe. Mi ya kamata in yi?

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanena, wallahi wasiƙarka ta faranta min rai. Kuma ka zaɓi jirgi mai kyau, A-29 na kamfanin Embraer na Brazil, wanda Najeriya ta karɓi guda 12 a 2021. Faɗin fukafukansa mita 11.14 ne, in a ma'aunin 1/48 kake yi, wato an rage girman sau 48, santimita 23 da ɗoriya ke nan, kuma tunda kujeru biyu gare shi ɗaya bayan ɗaya gilashin dogo ne, shi ido ke fara sauka a kai, dole ya yi kyau.

Ka daina buga gilashin, asarar rezin kawai kake. Firinta hawa-hawa take ɗora abu, layukan nan su ke watsa haske, rawayar kuma hasken rana ne ya yi mai yawa, ka san ranarmu. Amma kar ka yar da wanda ya lalace, shi zai zama abin zubinka. Cika cikinsa da fila ta masu gyaran jikin mota, ka soka sanda ta ƙasa, sai ka zauna da samfefa da ruwa, daga mai lamba 400 zuwa 800 har 1500, ka yi ta gugawa har ya yi sulɓi kamar ƙwai, don ko ɗan karce guda ka bari sai ya fito a gilashin. Nan aikin yake, ba ƙarya, ni nakan kwana biyu a kai.

Sai ka nemo roba mai haske kaurin rabin milimita, PETG in ka samu, in babu ka gwada robar kwalin caja ko iyafis, masu sayar da kayan waya zubar da ita suke. Ka kafe ta jikin firam ɗin falawud, ka gasa da abin hura zafi na masu gyaran waya, ban da harshen wuta. Da ka ga tsakiyarta ta saki ta fara yin ciki, maza ka danna ta kan abin zubin ka riƙe har ta huce. In kana da injin zuƙar ƙura, akwati mai ƙananan huji a sama zai ja robar ta kwanta sosai, amma dannawa da hannu ma ta wadatar a wannan girman. In ta yi fari ko ƙuraje, zafi ya yi yawa. Ka yi biyar ka zaɓi guda.

Wurin liƙawa kar sufa gulu ya kusanci gilashin, tururinsa farin hazo yake bari. Farin gam na kafintoci, shi ke bushewa garau.

Fiffiken kuwa ina kyautata zaton da robar firinta irin PLA aka buga shi, wajen digiri 60 yake fara laushi, kuma a watan Afrilu inuwa ma tana wuce 40, balle cikin mota ko bakin taga. Tsoma shi cikin ruwan zafi, miƙar da shi kan tebur, ka danne har ya huce. In za a sake bugawa a bar rami a ciki ka zura sifok ɗin keke.

Don Allah ka sa safar hannu in za ka taɓa ɗanyen rezin, yana cin fata. In fenti ya faɗo lokacin hunturu kuma ka kifa kwali a kan jirgin har ya bushe. Ka turo mana hoto in ka gama, ina son in gani.