Jirginmu zai tsaya Valletta: bizar shiga sau ɗaya ta isa?

Tambaya: Ni da mai ɗakina mun biya kuɗin yawon shaƙatawa a jirgin ruwa a Bahar Rum. Zai tashi daga Barsalona, ya tsaya Tunis, sannan Valletta ta ƙasar Malta. Ejan ɗinmu ya ce bizar Shengen (yankin ƙasashen Turai da ke amfani da biza iri ɗaya) ta shiga sau ɗaya ta wadatar, in ma an hana mu sauka sai mu yi zamanmu a jirgi. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, gara da bai kwanta ba. Wannan magana ta "ku yi zamanku a jirgi" kullum sai na ji ta, kuma na gaji da ita. Sifaniya, inda Barsalona take, tana cikin Shengen, Malta ma ta shiga tun 2007, amma Tunusiya ba ta ciki. Da zarar jirgin ya nufi Tunis kun bar yankin, bizar shiga sau ɗaya ta ƙare aikinta. Isowa Valletta shiga ce ta biyu. Abin da kuke buƙata shi ne bizar shiga sau biyu ko ta shiga da yawa.

Ba kuma a Malta za a tare ku ba. Tun a Barsalona, wurin da ake duba fasfo kafin hawa, ma'aikatan kamfanin za su iya mayar da ku, ku tsaya da akwatuna kuna kallon jirgi. Kamfani ba ya ɗaukar wanda takardunsa ba su cika ba, ko da ya rantse ba zai taka ƙasa ba, domin jirgin da ke tashar wata ƙasa yana ƙarƙashin dokarta ne. Galibi sharuɗɗan tikiti sun ɗora nauyin biza a kan fasinja, kuɗi kuma ba ya dawowa. Shi ejan ya riga ya karɓi la'adarsa, ranar kuwa wayarsa a kashe za ka same ta. Ka duba takardar bizar da kanka, akwai gurbin da aka rubuta adadin shiga. In 01 ka gani, koma ofishin jakadanci da jadawalin jirgin a hannu. Ka kuma tambayi kamfanin a rubuce abin da Tunusiya ke nema ga irin fasfonku.

Valletta kanta ba ta da wahala. Ƙaramin birni ne mai ganuwa da aka aza harsashinsa a 1566, bayan Daular Usmaniyya ta Turkawa ta yi wa tsibirin ƙawanya a 1565 ba ta ci nasara ba. Daga bakin tasha akwai lif mai tsawon mita 58 da zai hau da ku lambun Upper Barrakka, inda ake harba igwa da ƙarfe 12 na rana. A ƙafa za ku zagaye birnin, sai dai titunan akwai hawa da gangara, Hajiya ta sa takalmi mara tsini. Ku koma jirgi da sauran lokaci, in kun makara ba zai jira ku ba.