Farin Wata da Farautar Elk da Baka: Amsar Maigida ga Ɗan Koyo

Ɗana, tambayarka ta iso ni. Ka ce makon da aka ba ka na fita da baka a duwatsun jihar Kolorado ta Amurka ya faɗo daidai da cikar wata, kuma abokan aikinka sun gaya maka cewa da zarar wata ya yi sha huɗu bijiman elk, ƙatuwar dabbar dajin nan mai ƙaho mai rassa, sukan yi gum, daji ya zama kamar an share shi, don haka kana so ka ji ko ka nemi a sauya maka mako. Kada ka sauya. Abin da za ka sauya shi ne lokacin da kake fita da wurin da kake tsayawa.

Bari in fara da abin da wata ba ya taɓawa, domin a nan aka fi ruɗewa. Ba wata ne ke kawo lokacin barbara ba. Abin da ke tayar da jikin matan elk shi ne raguwar tsawon yini yayin da lokacin zafi ke ƙarewa, kuma wannan lissafin rana ne. Shi ya sa barbara takan kai ƙololuwa daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshensa, wajen ranakun 22 da 23 da dare da yini ke daidaita, sannan bayan ciki na kimanin wata takwas da rabi a haihu a ƙarshen Mayu da farkon Yuni, lokacin da ɗanyar ciyawa ta fito. Cikar wata kuwa yawo take yi a kalandar Turawa, kamar yadda azumi ke ja da baya kowace shekara: a 2024 wata ya cika a daren 17 ga Satumba, a 2025 kuma 7 ga Satumba. Da a ce akalar tana hannunsa, da haihuwar ma ta riƙa yawo tare da shi. Macen da lokacinta ya yi ba ta wuce yini ɗaya ko biyu a cikin wannan hali, kuma bijimin da ya sansano ta ba zai ɗaga kai ya duba sama ba kafin ya bi ta.

Abin da na gani a shekarun da na yi ina wannan aiki shi ne farin wata yana matsar da sa'o'in kiwo. Elk yana gani da dare ko babu wata, domin idonsa na mayar da haske irin na kyanwa, amma idan gari ya yi fes garken yakan sake a fili ya ci ya ƙoshi, bijimai su kwana suna ruri da kora juna. Kafin alfijir ya keto sun gaji, sun kama hanyar hawa. Kai kuma doka ba ta ba ka damar sakin kibiya ba sai saura rabin sa'a rana ta fito, saboda haka lokacin da ka isa bakin filin sai ka tarar da ɗanyen kashi yana tururi da sawu a kan raɓa, dabbar da ta kai gwanki girma ko ta ɗara shi ta ɓace kamar ba ta taɓa zuwa ba. Wanda ya ga haka safiya uku a jere shi ne yake komawa sansani ya ce wata ya kashe farauta.

Ka kuma lura cewa dararen ba ɗaya ba ne. Kafin sha huɗu, wata yakan faɗi tun da sauran dare, ya bar duhu kafin asuba, kuma irin waɗannan safiyoyi ba su cika ba ni kunya ba. Bayan sha huɗu ne yake makara wajen fitowa, ya tsaya a sama har gari ya waye, kuma a nan ne safiya ta fi mutuwa, yamma kuma ta ɗan farfaɗo. Akwai wani abu game da watan da ya cika kusa da daidaituwar dare da yini: a wannan yanki jinkirin fitowarsa daga dare zuwa dare yakan kasance kusan rabin sa'a, ba minti 50 da aka saba ba, don haka za ka yi kwanaki a jere kana ganinsa tun almuru. Gajimare mai kauri kuwa yana soke wannan lissafi gaba ɗaya.

To, ina za ka same su? Elk mai tuƙa ne kamar saniya, kuma dabbar da ta kwanta tun asuba ba za ta kai la'asar ba tare da ta tashi ta miƙe ta ɗan ci wani abu ba. Makwancinsu yana gangaren da ke fuskantar arewa, cikin itatuwa masu duhu inda rana ba ta ratsawa sosai. Daga hantsi ya dubi ludayi zuwa bayan azahar, lokacin da yawancin mafarauta ke barci a tanti, bijimi yakan tashi ya zagaya matansa, ya yi ruri ɗaya ko biyu a kasalance, wani lokaci ya gangara kududdufin da yake birgima. Na taɓa zama wajen irin wannan kududdufi washegarin daren sha biyar, ruwan ya yi baƙi, ga warin fitsari, ga gashi manne a jikin taɓo. Da misalin ƙarfe ɗaya na rana na ji ƙarar reshe ya karye, sai ga shi ya fito yana haki, wuyansa duk laka, ya durƙusa yana tona taɓon da ƙahonsa a tazarar da ba ta wuce taku talatin ba. Tun asuba ban ji ko tari daga wannan dutse ba.

Sai dai farautar tsakar rana tana da haɗarinta, kuma iska ce. Da sassafe iska mai sanyi gangarowa take yi, idan rana ta ɗumama dutse sai ta juya ta hau, a tsakanin nan kuma takan yi ta walagigi. Hancin elk ya fi idonsa da kunnensa tsaron ransa, kuma da yake baka yana buƙatar ka matso zuwa mita 20 ko 40, kaɗawa ɗaya daga bayanka ta isa ta watsa garken. Ka jira iska ta tsaya a kan hawa, ka zagayo ta sama ko ta gefe, ka yi kwanton ɓauna a bakin makwancin. Kada ka kutsa cikinsa, domin garken da aka tayar daga barci yakan tsallaka tudu ya bar maka dutsen har ƙarshen makonka. Kira ma ka sassauta shi; kukan mace a hankali ya fi rurin ƙalubale aiki a wannan lokaci.

Ni a wurina zafi da yawan mutane sun fi wata ɓata farauta. Binciken da aka daɗe ana yi a dajin gwaji na Starkey da ke jihar Oregon ya nuna cewa elk yana nisantar hanyoyin da motoci ke bi, kuma lokacin baka na Kolorado, daga 2 zuwa 30 ga Satumba, yana tara jama'a a kusa da hanyoyin. Sau da yawa shirun da ake ɗora wa wata aikin ƙafafun mutane ne da rana mai ƙuna.

Hasken kansa ka mayar da shi abokin aiki. Ka bar baka a sansani, ka hau tudu bayan isha ka saurara ba tare da haska fitila a kan dabba ba, ka riƙe kwarin da ruri ke fitowa da inda yake dosa wajen asuba. Idan kuma Allah Ya ba ka sa'a da azahar, ka tuna cewa bijimi yakan haura kilo 300 kuma fatarsa na riƙe zafi, saboda haka ka feɗe shi nan take, ka raba cinyoyi da kafaɗu, ka zuba su cikin buhunan yadi ka rataye a inuwa inda iska ke ratsawa, kafin ka fara tunanin yadda za ka sauko da ƙahon.