An rage ni daga aiki, shin gwamnati za ta biya ni wani abu?

Tambaya: Barista, shekara shida ina aikin inji a wata masana'anta a Sharaɗa, Kano. Watan jiya aka rage ma'aikata saboda kasuwa ta mutu, har da ni. Na ji a Turai gwamnati na biyan wanda ya rasa aiki. Mu ma muna da wannan?

Amsa: Malam, Allah Ya musanya maka da mafi alheri. Babu. Najeriya ba ta da dokar da ke ba wanda ya rasa aiki kuɗi wata-wata, kuma duk da tattalin arziki ya durƙushe a 2016 da 2020, har yau ba a yi ta ba. Kada batun NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata, ya rikita ka, wannan na wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ne saboda aiki.

Haƙƙinka na farko yana hannun kamfani. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda ya kai shekara 5 sai an ba shi notis na wata guda, ko kuɗinsa. Sashe na 20 kuma ya ce idan za a rage ma'aikata, a sanar da ƙungiyarsu, a fara da waɗanda suka shigo daga baya, sannan mai kamfani ya yi iyakar ƙoƙarinsa a daidaita kuɗin sallama. Amma dokar ba ta faɗi nawa ba, kuma ta nan masu kamfani ke sulalewa. Don haka ka nemo takardar ɗaukarka aiki da yarjejeniyar ƙungiyarku da kamfani, domin adadin da aka rubuta a ciki shi kotu za ta riƙe.

Sai fansho. Dokar 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire har kashi 25 cikin ɗari na asusunsa idan ya yi wata huɗu bai samu aiki ba. Wata huɗu ba wasa ba ne ga mai iyali, amma haka dokar take. Tun yanzu ka je kamfanin fanshonka ka duba ko ana zuba kashi 8 cikin ɗari da ake cirewa a albashinka da kashi 10 na kamfani. Sau da yawa ana yanka a albashi, ba a zubawa. In ka tarar da haka, ka kai ƙorafi PenCom, wato hukumar kula da fansho ta ƙasa.

Idan masu kamfani sun ƙi biyan haƙƙinka, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano. Kafin nan, kada ka sa hannu a takardar da ta ce an biya ka komai sai lauya ya karanta ta.