Ina Arshavin ya shige bayan ƙwallaye huɗun Anfield?

Tambaya: Malam, ni magoyin bayan Arsenal ne. A gidan kallon unguwarmu muna yawan musu kan Andrei Arshavin na Rasha. Wasu sun ce gwani ne, wasu sun ce sa'ar dare ɗaya ya taka a wasan Liverpool. Ina gaskiyar take, kuma a ina ya ƙare?

Amsa: Ɗan'uwa, masu cewa sa'a ce ba su san shi ba kafin ya zo Ingila. An haife shi a 1981 a Leningrad, wadda yanzu ake kira St. Petersburg, kuma a ƙungiyar garinsu, Zenit, ya taso. Da shi suka ci gasar Rasha a 2007, suka ɗauki kofin UEFA a 2008 bayan doke Rangers 2-0.

Inda duniya ta san shi kuwa, gasar ƙasashen Turai ce ta 2008. Bai buga wasanni biyun farko ba saboda jan katin da ya samu a karawa da Andorra, amma kocin Rasha Guus Hiddink ya tafi da shi duk da haka. Yana dawowa ya ci Sweden, sannan ya wahalar da Holan, ya zura ta uku a ƙarin lokaci aka tashi 3-1. Sifaniya ce ta tsayar da su a wasan kusa da na ƙarshe. A shekarar ya zo na shida a zaɓen gwarzon ɗan ƙwallon duniya na Ballon d'Or. Sa'a ba ta kai mutum nan.

Arsenal ta saye shi a Fabrairun 2009 kan kusan fam miliyan 15. Ranar 21 ga Afrilu ya ci ƙwallaye huɗun nan a Anfield, filin Liverpool, aka tashi 4-4. Kada kuma a manta da wadda ya ci Barcelona a 2011, aka yi nasara 2-1.

To me ya dusashe tauraronsa? A ganina, gurbi ne. Ɗan lamba goma ne, mai son a sakar masa mara a bayan ɗan gaba, amma wurin na Fabregas ne, sai kocin Arsenal Wenger ya tura shi gefen hagu. Da ɗan gaba Van Persie ya ji rauni a ƙarshen 2009, har ɗan gaba aka mayar da shi, gajeren mutum tsakanin ƙartin masu tsaron bayan Ingila! Shi ma fa da nasa laifin. Wanda ke gefe dole ya koma baya ya taimaka, shi kuwa idan ƙwallo ta kuɓuce sai ka ga yana takawa kamar mai dawowa daga kasuwa. A Janairun 2012 aka cire Oxlade-Chamberlain aka sa shi a wasan Manchester United, magoya bayan Arsenal da kansu suka yi ta ihun rashin yarda.

Wata guda bayan haka ya koma Zenit aro, ya bar Arsenal ɗungurungum a 2013. Ya ɗan taɓa Kuban Krasnodar, sannan Kairat ta Kazakistan, inda ya yi ritaya a 2018. Ya buga wa Rasha wasa 75, ya ci 17.