Wane fim zan fara da shi in na gaji da na Amurka?

Ɗan'uwa, ka ce kana neman finafinan duniya masu nauyi. Fara da A Separation na Asghar Farhadi, ɗan Iran, 2011. Mata na son barin ƙasar, miji ya ƙi saboda mahaifinsa mai ciwon mantuwa. Ana ta shari'a, kowa da gaskiyarsa, har ka rasa wanda za ka ɗora wa laifi. A wurina shi ne kan gaba.

Sai Parasite na Koriya ta Kudu, fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci babbar kyautar Oscar, a 2020. Timbuktu na Abderrahmane Sissako ma, ka ga samari suna buga ƙwallo babu ƙwallon, saboda an haramta ta.